Samfurin da Madina Ta Nemo a Kasuwar Shahe

Duk Bahaushen da ya je sari Guangzhou a shekarun nan ya ce maka bai san Madina mai tuwo ba, to a otal ya kwanta har bizarsa ta ƙare. 'Yar Fagge ce, gajera mai faɗin baya, tana tafiya kamar an ce mata ana rabon wani abu a gaba. Sarin kayan jarirai ne ya fara kawo ta Chana. A zuwan farko cikinta ya ƙi abincin garin, sai ta sayi 'yar tukunyar lantarki ta kaɗa miyar kuka a ɗakin otal. Ƙamshin daddawa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin tuwo ya nuna, maza sun fara sallama, kowa na cewa ɓatan ɗaki ya yi. Nan ta gane inda abincinta yake. Ta kama gida a saman wani dogon bene a unguwar Xiaobei, ta bar wa masu ƙarfin ƙafa sari.

Dokar gidanta ita ce, wanda ya taho da kuka ko busasshiyar kuɓewa a akwatinsa, ranar kyauta zai ci. Akwai kuma dokar da ba ta sanarwa: mace mai ciki ba ta shiga gidan ta fita ba ta sha wa'azin allurar rigakafi ba. Madina ba malamar asibiti ba ce, ko kusa. Ɗanta na fari ne ciwon sarƙe-haƙora ya ɗauke kafin ranar suna, sai daga baya ta ji cewa akwai allurar da ake yi wa mai ciki da za ta tsare shi, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata. Tun daga nan ta ɗauki gayawa ta zama aikinta. Matan 'yan kasuwa har tsuke ciki suke yi a bakin ƙofarta, wata ma teɓa ce kawai ta ja mata wa'azi.

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Chana kasuwa ta yi sanyi. Biza ta yi wuya, 'yan sanda na tare baƙaƙe a hanya suna tambayar fasfo, masu cin tuwo suka ragu. A lokacin ne wata matashiya mai suna Lauratu ta dawo gidan Madina da zama. Mijinta Saifullahi ya je Kano da niyyar ya juyo nan da nan, aka hana shi bizar dawowa. Ita kuma cikinta na fari ya tsufa, jirgi ba zai ɗauke ta ba.

Madina ta ja ta awo. Likita ya duba jini ya ce tana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, ita lafiyarta lau, amma jaririn zai iya ɗauka wajen haihuwa, sai dai in an yi masa allura biyu a ranar da ya faɗo. Suka dawo gida. Lauratu na cire gyale ta ce ita a ɗakin nan za ta haihu, Anti Madina ta yanke cibi, babu ɗan Chanan da zai kusanci ɗanta da allura.

Madina ta ajiye muciya ta fara wa'azi. Lauratu ta bar ta ta kai aya, sannan ta kama hannunta ta kai ta taga.

"Anti, leƙa ƙasa. Nuna min mace ɗaya mai goyo da wani a hannu. Kowacce ɗaya tal. A Kano an ce allurar tana tsayar da haihuwa, kuka ce ƙarya ne. To ga ƙasa guda an gama da ita."

Madina ta ce ai doka ce, gwamnatinsu ce ta ce kowa ya tsaya a ɗaya.

"Wace doka ce ke shiga ɗaki ta kwanta tsakanin mace da mijinta? Allura ce, Anti."

Barmo, wani ɗan Maraɗi mai sarin takalma da ba ya fashin tuwon rana, ya ƙware da dariya har sai da aka ba shi ruwa. Ya ce wallahi yarinya ta fi Hajiya hujja, shi ma bai taɓa ganin dokar da ta kai nan ba. Madina ta ce masa ɗan Maraɗi ya ci tuwonsa, ba a sa da shi ba.

Lauratu matar ɗan kasuwa ce, ta san yadda ake ciniki a garin. Mijinta ko maɓallin riga ba ya oda sai an kawo samfur ya juya shi, ya ja, ya shinshina. Ta ce ita ma haka: a kawo mata 'yar Chana da aka yi wa allura, aka yi wa 'ya'yanta, kuma ta ci gaba da haihuwa. In ta gani da idonta, ta yarda. In babu samfur, babu ciniki.

Washegari Madina ta ɗora tuwo da wuri, ta bar wa Barmo ludayi, ta shiga gari farauta. Chanancinta bai wuce na kasuwa ba: nihao wato sannu, loban wato maigida, meyo wato babu. Sauran kuma hannu ne da fuska. Ta fara da kasuwar Baima. Ta shiga shago, ta yi nihao, ta lanƙwasa hannu kamar mai rarrashin jariri, ta ɗaga yatsu tana tambaya da gira. Kowace mace yatsa ɗaya take ɗagawa. Wata ta ɗauka 'yar tsana take nema, ta fito mata da kwali guda. A kasuwar Shisanhang wata da ta ga baƙuwa na ƙirga mata 'ya'ya, ta ce meyo, meyo, ta kore ta da tsintsiya. Madina ta dawo da ƙafa a kumbure, Lauratu na kwance tana kallon masu tsalle a ruwa a talabijin, ta ce mata sannu da zuwa da wata irin murya mai ladabi da ta fi zagi ciwo.

Sai da ta kusa haƙura ta tuna da Madam Lin, wadda take saro kayan jarirai a wajenta a kasuwar Shahe a zamanin sarinta. Ta iske ta a bayan kantar shagonta, ga yara huɗu a kan dilar kaya kowa da kwanon shinkafa. Lokacin hutun makaranta ne, yaran ƙauye sun zo birni. Madina ta yi tambayarta ta hannu. Madam Lin ta ɗaga yatsa ɗaya, ta nuna babbar. Sauran ukun ta yi musu nuni can nesa, wai na 'yar'uwarta ne.

Madina ta dubi yaran. Ta dubi Madam Lin. Kunnuwan matar nan a buɗe suke kamar marfin tukunya biyu, kuma ga irinsu nan guda takwas suna motsi a kan shinkafa. Madina ta yi sallama, ta fita da saurin da har ta manta ƙafarta na ciwo.

Ta dawo da Lauratu a tasi, tana tura ta cikin cunkoson masu turin kaya tana cewa a ba mai ciki hanya, da Hausa, kuma aka ba su. A gaban kantar Madam Lin ta tsaya ta yi wasan kwaikwayon da ba ta taɓa yi ba. Ta nuna cikin Lauratu. Ta soka wa kanta yatsa a dantse. Ta girgiza kai da ƙarfi kamar Lauratu. Ta ɗaga yatsa ɗaya, ta nuna matan kasuwa, ta shafe hannuwa alamar an gama. Sannan ta sake nuna cikin, ta dafa wajen hanta, ta langaɓe kai kamar jariri marar lafiya.

Madam Lin ta daina murmushi. Ba ƙaramin abu ake roƙonta ba, domin yaran nan ukun ba kowa take so ya san nata ba ne. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu. Ta daɗe tana kallon cikin Lauratu. Sai ta miƙa hannu ta jawo ƙofar shagon ta sauko rabi.

Ta jera yaran daga babba zuwa ƙarami. Ta dafa kan kowanne, ta dafa cikinta. Ta naɗe musu hannun riga ɗaya bayan ɗaya, kowa da tabon lamba a dantse, irin dai wanda ake yi wa jarirai a gida. Ta naɗe nata, ga shi nan. Ta soka wa ƙaramin yaron yatsa a cinya, ta kwaikwayi kukan jariri, yaran suka fashe da dariya.

Lauratu ba ta yi dariya ba, duba kaya take. Ta durƙusa da ƙyar, ta lashi yatsa ta goga tabon babbar ko fenti ne. Ta murza na ƙaramin. Ta kama kunnen ɗaya ta kai kusa da na uwar ta gwada.

"Anti, tambaye ta ko ƙaramin bayan allurar aka same shi."

"Ke 'yar nan, lambar da ke hannun uwar ta girme ki."

Lauratu ta miƙe tana riƙe da ƙugu. Ta ce samfur ya yi, amma da sharaɗi: Anti za ta bi jaririn ƙafa da ƙafa ta tsaya a kansa a yi a gabanta. Madina ta rungume Madam Lin har ƙafar matar ta bar ƙasa.

Naƙuda ta zo ranar da Najeriya ke buga wasan ƙarshe na ƙwallo a Olamfik, da tsakar rana, falo cike da maza. Madina ta fito ta ce a samo mota. Babu wanda ya motsa sai da ta tsaya a gaban talabijin da faɗin bayanta. Barmo ya sauka da gudu, yana tambayar kowa a lif ko an ci.

An ci Najeriya, Lauratu kuma ta haifi mace kafin magariba. Da ma'aikaciyar ta zo ɗaukar jaririyar, Lauratu ta riƙe zanen ba ta saki ba. Madina ba ta yi wa'azi ba, ta dai miƙa hannuwa. Can Lauratu ta saki.

Madina ta bi ma'aikaciyar har ɗakin allura, ta tsaya a kan jaririyar kamar yadda aka yi alkawari. Ana zaro allura, matar da ta shekara da shekaru tana tura mutane wajenta ta runtse ido gam, ta kama salati. Kukan ne ya gaya mata an yi ta farko, kuka na biyu ya gaya mata an gama.

Madina ta dawo da jaririyar a ƙirji.

"Kin gani da idonki, Anti?"

"Na ji da kunnena. Buɗe ki duba."

Lauratu ta warware zanen. Ga 'yar auduga a cinyar dama, ga wata a ta hagu. Ta taɓa su a hankali, ta mayar da zanen, ta tambayi yaushe ne ta gaba.