'Yar Fari a Jidda

Ni 'yar fari ce, kuma sunan Kaka aka sa mini, wato uwar mahaifina. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke jawowa. Inna ba ta da bakin faɗin sunana, don kunya biyu ce ta hau kanta, ta ɗan fari da ta suruka. In tana son in zo sai ta ce "ke", in tana maganata da wani sai ta ce "waccan". Baba ma ba ya kama sunan uwarsa, "Uwata" yake ce mini. Tun da aka yaye ni aka kai ni Kebbe wurin Kaka, can na yi wayo, ba a dawo da ni Tambuwal ba sai da za a sa ni makaranta. Na dawo na iske ƙanena yana hawa cinyar Inna yadda ya ga dama, tana kiran sunansa safe da yamma har ya gundure ni. Ni kuwa ko tuwo za ta miƙo mini sai ta kau da kai. Manya sun san kunya ce. Ni ba wanda ya gaya mini, abin da na ɗauka kawai shi ne matar nan ba ta ƙaunata.

Baba malamin dabbobi ne a En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin. 'Yan shekaru bayan samun mulkin kai ya sami dogon hutu, ya ce zai kai mu Jidda mu ga yayarsa, mu yi umra. Gwaggon nan tawa ta bi mijinta a ƙasa zuwa Makka tun Baba yana saurayi, ba ta kuma dawo ba. Mijin ya rasu a can, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, kullum alhazai suka dawo sai sun kawo sallahunta cewa tana so ta ga jininta kafin ta mutu. Baba ya taɓa garken da ke Kebbe, aka sayar da shanu, tafiya ta tabbata.

Da muka je yi wa Kaka sallama ban ga ta yi murna ba. Gwiwoyinta sun hana ta tafiya, kuma ta ce ita ba za ta shiga abin da ba ya taka ƙasa ba. Ta ja ni bayan rumbu, ta rage murya.

"Takwara, ki riƙe gefen mayafin uwarki, kar ki saki. Ƙasag ga da za ku, ana zuwa da ɗiya a komo babu su. Kuma ni na san ɗiyata, in tag gane ki ba ta sakinki."

Na yi dariya don na saba da tsokanarta, amma ita ba ta yi ba. Da wannan magana na shiga mota zuwa Gusau, da ita na shiga jirgin ƙasa zuwa Kano. A jirgin sama ƙanena ya amayar da furar da ya sha a kan sabuwar rigar Baba, kowa ya yi ta dariya, ni ina can ina lalubar gefen mayafin Inna a ƙarƙashin kujera.

Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona mutum ya bar shi a bushe, nasu kuwa jiƙa mutum yake yi, ka yi wanka ka fito kana naso. Gidaje dogaye masu tagogin katako sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, motoci suna ta hon ba dalili, jakuna na jan gangunan ruwa a tsakaninsu. Ban taɓa sanin Allah ya yi mutane kala-kala haka ba: Larabawa, Indiyawa, 'yan Yaman, da waɗansu gajeru masu fara'a da ake ce wa Jawa. Gwaggo tana zaune a unguwar mutanenmu a gefen gari, cikin ɗakin katako da kwano, tana soya gyaɗa tana sayarwa. Da ta gan mu ta wuce Baba, ta wuce Inna, ta durƙusa a gabana ta kama fuskata da hannu biyu. Ta ce goshin uwarta ne, ta ce idon uwarta ne, ta yi kuka har ya ba ni tsoro. Ita ma "Uwata" ta kira ni, saboda haka tun da muka baro gida ban ji sunana a bakin kowa ba.

Ba zan ce ban ji daɗin komai ba. An kai mu bakin teku, ƙanena ya ɗebi ruwan ya kurɓa, ya tofar, ya ce wa Baba an zuba wa gulbinsu gishiri. Mun sha wani jan ruwa mai ƙanƙara da ya riƙe mini haƙora. Mun je Makka, Baba ya ɗora ni a kafaɗa na ga Ka'aba a saman kawunan mutane, na ga hawaye a fuskar Inna, abin da ban taɓa gani ba. Amma duk inda muka je Gwaggo tana gefena. Ta fi cika mini kwano, ta saya mini 'yan kunne, ta kai ni wurin tela aka auna ni. Kowace kyauta ta ba ni sai maganar Kaka ta faɗo mini a rai, in karɓa in yi godiya a baki kawai.

Wata rana bayan azahar muna kwance a tabarma ni da ƙanena. Shi barci yake yi, ni na rufe ido ne kawai. Inna tana tsintar shinkafa a faifai, Baba yana jan carbi a bakin ƙofa. Sai na ji Gwaggo ta gyara murya.

"Ku bar min Uwata. Kun ga yadda nike, ko mai miƙo min ruwa ban da. Ku Allah ya ba ku wani, kuma za ya ƙaro."

Baba ya ajiye carbinsa. Ba a yi wa babbar yaya musu, balle wadda ta binne miji da 'ya'ya a ƙasar mutane.

"Yaya, ai ɗiyarki ta," in ji shi. "Sai dai a ji ta bakin uwatta."

Na kasa kunne. Ina jin ƙarar tsakuwa tana faɗawa ƙasa daga faifai, ɗaya bayan ɗaya.

"Ni mi ag gamina da ita, Yaya?" in ji Inna. "Taku ta. Ku munka haifa ma."

Hannunta ko tsayawa bai yi ba a kan shinkafar. Yanzu da na girma na san ba ta da wata amsa da za ta bayar. Uwar da ta buɗe baki ta ce tana son 'yar farinta a gaban dangin miji, an dinga ba da labarin rashin kunyarta ke nan har jikoki. Amma a ranar, a kan tabarmar nan, na ji an bayar da ni cikin sauƙin da ake bayar da aron muciya. Na ji tsoro, na kuma ji haushin ta, ban san wanne ya fi yawa ba.

Daga ranar abinci ya daina wuce mini. Gwaggo ta ce canjin ruwa ne, ta jiƙa mini wani magani mai ɗaci. Ta fara koya mini yadda ake cewa ruwa da burodi da Larabci, ni kuwa na ƙi riƙewa da gangan, a wautata in ban iya ba ba za a bar ni ba. Na zama kaska a jikin Inna. Gwaggo ta ba ta baƙin mayafi irin na matan garin don fita, na riƙe gefensa duk inda ta juya, har sai ta fizge ta ce, "Ke, sakam min, kina kashe ni?" In saki, in ta ɗan yi gaba in sake kamawa.

Ana jibi za su tashi, "su" nake cewa don a raina na riga na cire kaina daga tafiyar, aka ce a je babbar kasuwa sayen tsaraba. Kasuwar rufaffiya ce, lunguna ne matsattsu, ga ƙamshin turare da gahawa, ga ƙarnin kifi, ga mutane kamar an yi ɓarin gero. Gwaggo tana gaba don ita ta san hanya, Baba na bin ta da ƙanena a wuya, sai Inna, sai ni a bayanta da gefen mayafi a hannu. Wani mai jaki ya kutso da gangar ruwa yana ihu, mutane suka dare, aka ture ni na faɗa kan buhu. Na tashi da sauri, na ga baƙin mayafi a gabana, na cafke. Har hamdala na yi a zuciya.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa. Muka fito daga rumfa zuwa hasken rana, muka tsallaka wani faffaɗan titi a tsakanin motoci. Ni dai kaina a ƙasa, sai idona ya sauka a kan ƙafar da nake bi. Ƙafar Inna na san ta, baƙa ce mai faso, da sauran lallen da aka ƙunsa mata a Tambuwal. Wannan fara ce cikin takalmi mai ƙyalli. Na ɗaga kai, duk matan da ke titin baƙin mayafi ne a jikinsu.

Matar ta juyo ta gan ni. Ba ta yi mini tsawa ba, ta sunkuyo tana magana da wani yare, ta kama hannuna. Mijinta ya zo, mai jan gemu, ya yi ta tambayata yana nuna gabas da yamma. Na gane yana son ya san inda na fito, sai na ce masa, "Kebbe." Ya maimaita, ya dubi matarsa, ya girgiza kai. Wata motar haya ta tsaya a gabansu, ya buɗe ƙofa, matar ta ja ni a hankali. Wataƙila wurin 'yan sanda za su kai ni, Allah kaɗai ya sani. Ban yi kuka ba, ban yi gardama ba. Abin da ke raina shi ne ba wanda zai neme ni da gaske, tun da an riga an bayar da ni.

Na sa ƙafa ɗaya a cikin motar, sai na ji sunana.

Cikakkensa aka kira, ba a gutsure ba, ya keto hon ɗin motoci da hayaniyar kasuwa. Na san muryar, na san sunan, amma ban taɓa jin su tare ba, shi ya sa na tsaya sororo ban amsa ba. Aka sake kira, murya na tsagewa. Na juya, na hango wata mace ta faɗo titi kai ba ɗankwali, mayafi yana jan ƙasa, takalmi a ƙafa ɗaya, direbobi suna taka birki suna zaginta. Daga baya Gwaggo ta ba ni labari cewa Inna ta daɗe da hango ni daga wancan gefen, tana ta "Ke, ke yarinya," ba wanda ya waiga, har ta ga an buɗe ƙofar mota.

Ta iso ta fizge ni daga hannun matar, ta damƙe wuyan hannuna har na ji ƙashi. Ba ta rungume ni ba, ba ta doke ni ba, ta dai sake faɗin sunan a hankali, sau ɗaya, kamar tana tambayata ko ni ce. Na ce, "Na'am."

Sai ga Baba da Gwaggo sun tsallako. Nan Inna ta farga da abin da ta yi. Ta kama sunan surukarta da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, a gaban mijinta da yayarsa. Ta jawo mayafi da hannu ɗaya ta rufe fuska ruf, ɗaya hannun kuwa bai sake ni ba. Baba ya yi ta yi wa mutumin godiya da ɗan Larabcinsa na allo, ya ƙi duban kowa a cikinmu. Gwaggo ta tsaya tana kallon hannun Inna a kan nawa, ta daɗe tana kallo.

"Rabona da in ji sunan uwata a bakin mutum," in ji ta, "tun ran da nib baro Kebbe."

Ba a sayi sauran tsarabar ba. Da muka koma gida Gwaggo ta ɗauko rigar da tela ya ɗinka mini, da 'yan kunnen, ta buɗe akwatin Inna ta sa su a can ƙasa, ta danne da zannuwa.

"Mai cewa ba ta da gami da ita ta tara min Larabawa a titi," ta ce. "Ɗauki abinki, ƙanwata. Ban iya raba wanga hannu."

"Ni ban ce komi ba, Yaya," in ji Inna daga cikin mayafi.

"Ba ki ce ba. Jidda duk ta ji ba ki ce ba."

Ranar tafiya Gwaggo ta raka mu har inda ake barin masu rakiya. Ta kama fuskata kamar ranar farko, ta ce in gai da takwarata, in gaya mata goshinta yana nan a fuskata. Ina murnar tafiya har ban iya ɓoyewa ba, kuma ta gani. Ba mu sake ganin ta ba, a can ta rasu, maƙwabta ne suka yi mata sutura. Wannan yana damuna yanzu fiye da yadda ya dame ni a lokacin.

Labari ya riga mu isa Kebbe, ban san ta bakin wa ba. Muna shiga gida Kaka ta dubi Inna ta ce, "An ce an yi shelata a ƙasar Makka, ko wa nic ci ma bashi?" Inna ta ajiye kaya ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da aka kira magariba.

Shatin yatsunta ya yi kwanaki a wuyan hannuna. Da ya fara bajewa nakan ɓuya bayan rumbu in danna wurin da babban yatsa don ya daɗe. Inna ta rayu har ta ga jikokina, kuma ba ta sake faɗin sunana ba ko sau ɗaya. "Ke" ta ci gaba da ce mini har ranar da ta bar duniya, ni kuma tun kafin ta rufe baki nake amsawa.