Kiredit Biyar a Zama Uku

Edita, ina gaisuwa. A sakaya sunana da na ƙauyenmu, labarin kawai na kawo.

Lokacin da abin ya fara ina budurwa 'yar shekara goma sha tara, 'yar manomi a wani ƙauye kusa da Gozaki, mai kaifin baki da taurin kai. Ni ake ba karatun Littafi Mai Tsarki a coci saboda muryata ba ta rawa. Mu biyu ne a wurin Baba, ni da yayana, kuma Baba ba ya kiran sunana sai dai ya ce "uwata", don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Wata ranar kasuwa yayana ya faɗo daga saman motar masara a hanyar Funtua. Muka ruga muka same shi kwance a bakin titi, idonsa biyu, yana cewa ba ya jin ƙafafunsa. Nan take aka yi masa ɗaukar buhu, wasu hannu wasu ƙafa, kansa yana lilo, aka cusa shi cikin Keke Napep. Ni na riƙe ƙafarsa ta dama. Kafin mu kai asibiti ya daina magana. Bayan an yi jana'iza wata nas da ta san gidanmu ta gaya mini cewa wuyansa ne ya karye, kuma irin wannan ba a ɗaga shi sai an tallafe kai an kwantar da shi a kan abu mai tauri. Ba don ta ɗora mini laifi ta faɗa ba, amma ni na ɗauka na ɗora wa kaina.

A bakinta na fara jin cewa akwai kwas na masu agajin gaggawa, waɗanda ke bin motar asibiti zuwa wurin haɗari. Na ce ko ana ha-maza ha-mata sai na yi shi. Na tambayi wani ɗan ƙungiyar mawaƙan cocinmu da ya taɓa neman makarantar lafiya, ya ce kiredit biyar ake so: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Ina da ukun farko tun daga sakandare. Sauran biyun na faɗi, don mu ba mu taɓa ganin kwalbar gwaji ba sai wadda aka zana mana a allo. Ban tambayi kowa ba bayan shi, ban je makarantar na karanta takardarsu da idona ba. Kuskurena ke nan, kuma ba zan laɓe bayan kowa ba.

Jarrabawar da masu zama a gida ke sakewa da kaka take faɗowa, daidai lokacin da masara ke jiran karya, waken suya ke jiran yanka. Tun da yayana ya rasu ni ce hannun daman Baba a gona, Mama kuwa ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Sai Baba ya kawo shawara irin ta manomi. Ya ce inda shuka ba ta fito ba, nan ake komawa a zuba iri, ba a sake shuka gona duka, kuma ba a bin kunya biyu lokaci ɗaya. In ɗauki Kemistiri bana, Fiziks baɗi. Wallahi dabarar ta burge ni. Shekarar farko na yi rajistar darussa duka, amma ranakun Kemistiri kawai na leƙa zauren jarrabawa, sauran ranakun ina gona. Na ci. Shekara ta biyu na yi wa Fiziks haka, shi ma na ci. Na jera takardu uku a cikin leda ina taƙama, har ina yi wa ƙawayena gorin cewa sannu ba ta hana zuwa.

Ranar tantancewa a makarantar lafiyar na sa atamfata ta Kirsimeti. Malamin da ke karɓar takardu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya shimfiɗa su uku a tebur, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya juyo da fom ɗin ya ɗora yatsa a kan wani ɗan layi. An rubuta cewa kiredit biyar ɗin kada su wuce zama biyu. Nawa zama uku ne. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na tambaye shi ko ilimin da na samu bara ya ruɓe ne bana, tunda ba tumatir ba ne. Mutanen da ke layi suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Malama, ba ni na kafa dokar ba, kuma ba ni zan karya ta ba." Na ƙara masa da maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Duk da haka da na juya zan fita ya kira ni, ya ce in riƙe takardar farko, in koma in ci Kemistiri da Fiziks tare a zama ɗaya, shi ke nan sun zama biyu. Ban ko gode masa ba.

A ƙauye labari ya riga ni isa. Aka sa mini suna Uwar Jarrabawa. Gwaggona, ƙanwar Baba, ta zo har gida ta ce sa'o'ina suna goye da na biyu ni ina goye da leda, in haƙura haka nan, abin da Allah bai ba mutum ba ƙwazo ba ya ba shi. Na ce mata Allah bai hana ni ba, ni ce ban karanta layi ɗaya ba, kuma yanzu na karanta.

Na san darussa biyun nan ba za su ciwu da ragowar ƙarfin da gona ta bar mini ba. Don haka da kaka ta kama na shirya zan tafi Funtua wurin wata 'yar uwar Mama, in yi wata biyu ina zuwa darasi. A shekarar Baba ya zuba waken suya a babbar gona, kuma duk wanda ya san waken suya ya san in ya bushe ba a yanke ba, da rana ta buga sai ya riƙa fashewa yana zuba a ƙasa. Gayya ba ta samuwa a lokacin, kowa ta kansa yake yi. Ina ɗaure kaya Baba ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Uwata, wake ba ya jiran kowa." Na ce masa shi ma Yaya bai jira kowa ba. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi yadda ta yi a ranar ba. Ya juya ya ɗauki laujensa ya fita, ni kuma na ɗauki jakata na hau mashin.

Na zauna a benci ɗaya da yaran da na girme wa nesa ba kusa ba, suna ce mini Anti, wasu suna ƙunshe dariya. Ko a jikina. Na rubuta jarrabawar kowane darasi, har waɗanda ba na buƙata. Da na dawo gida na taka gonar, ƙwayar wake ce birjik a ƙasa, awaki da tsuntsaye suna biki. Abin da Baba ya iya yankewa shi kaɗai bai kai rabi ba. Shekarar mun ci tuwo da lissafi, kuma duk ƙauyen an san dalili. Baba yana amsa gaisuwata, amma ya daina ce mini uwata. Ko da sakamako ya fito na ci biyun tare, ko da dattijon nan mai furfura ya buga wa takarduna hatimi ya ce ashe na dawo, Baba bai taya ni murna ba.

Ranar da zan tafi makaranta shi ya ɗaure akwatina a bayan mashin ɗinsa ya kai ni tashar Malumfashi. Har na shiga mota ya leƙo ta taga. Ya ce shekara da shekaru yana jin ina cewa ni na riƙe ƙafar yayana. Ya ce ni ƙafa kawai na riƙe, shi ne ya ce a ɗauke shi. Sannan ya ce, "Je ki koyo, uwata. Ki dawo ki hana irina." Na yi kuka daga nan har Funtua.

Abu biyu nake nadama: layin da ban karanta ba, wanda ya cinye mini shekaru, da maganar da na yaɓa wa Baba a ƙofar ɗaki. Tafiyar kuwa ban yi nadamarta ba, kuma masu jiran in ce na yi sai su gyara zama, don za su daɗe. Ina kira ga duk mai son wannan kwas, musamman mu 'ya'yan manoma da jarrabawa ke riskarmu da lauje a hannu: kada ku ɗauki sharaɗi a bakin wani. Ku je makarantar da ƙafarku, ku karanta takardar har ƙananan rubutun, ku tambayi darussa nawa, zama nawa. Dabarar gona ta gona ce.

Yau shekarata biyu ina bin motar asibiti. Har yanzu in mun isa wurin haɗari sai na tarar an kama hannu an kama ƙafa, wani dattijo yana cewa a ɗaga. Da muryar nan tawa da ba ta rawa nake cewa kowa ya saki. Sukan ce wace ce wannan marar kunya. Ni dai hannuwana suna tallafe da wuyan wanda ya ji rauni.