Inna Ma'u da Irin Geron Karakkai

Ni na fara hango wannan masifa tun kowa yana tafa hannu. Ranar da motar 'yan kamfani ta tsaya a Karakkai da buhunan irin masara, an rina ƙwayar da jan magani, na ce wa jama'a irin da ba ya yin kai sai da takin kanti igiya ce a wuyan manomi. Aka ce Labbo ya tsufa, bai yi boko ba. To, ban yi ba. Amma na ga farin da ya ƙarar da shanun ubana, na ga fara ta rufe rana, ga ni nan ina tauna goro da haƙorana.

Sai dai yau ba kaina zan yaba ba, ko da yake na cancanta. Inna Ma'u zan jinjina wa.

Kullum da hantsi takan shiga madafinta ta duba zangarniyoyin gero da dawa da ta rataye a saman murhu, inda hayaƙi ke hana ƙwaro kusantar su. Wake kuwa yana cikin tulu, an cuɗa shi da toka, an liƙe bakin da laka. Da kaka ita ke riga kowa shiga gona, tana shafa zangarniya ɗaya bayan ɗaya har ta sami mai cika. Ba ta taɓa sayar da iri ba. Ka zo da ƙwarya ta zuba maka, sharaɗinta ɗaya: in ka girbe, ka dawo mata da zangarniyar da ta fi kyau a gonarka, ba wadda ta fi kusa da hannunka ba.

Rediyo ya ishe mu da cewa duniya ta zama kasuwa ɗaya. Wace irin kasuwa ce wannan, da talaka ke saye da tsada ya sayar da araha? Aka yi yaƙi a wata ƙasa da ko sunanta ban iya faɗa ba, sai ga taki a Gusau ya fi ƙarfin mai gona. Masu sito suka ɓoye nasu suka ƙara ƙiba. Waɗanda suka maimaita shuka 'ya'yan masarar kamfani suka girbi kara. Abin da ya fi ba ni haushi, irin gida da iyayensu suka bar musu tuni sun kai shi inji.

A gabana Haliru, wanda ya taɓa cewa tulunan Inna sun dace da bola, ya durƙusa a ƙofarta.

"Inna, an kwana lahiya?"

"Lahiya lau. Ba kai ne mai masarar Turawa ba? Mi ya kawo ka wurin tsohuwa mai warin hayaƙi?"

"Inna, ruwa ya sauka, ba ni da abin shukawa."

"Ina wanda ubanka ya bari?"

"Mun tuƙa tuwo da shi."

"Ka cinye gadonka da miyar kuka ke nan. Miƙo ƙwaryar."

A daminar nan har daga Kucheri da Wanke an zo, kuma babu wanda ya koma da ƙwarya wayam.

Inna, ke ce rumbun marasa rumbu. Ba ki san inda manyan duniya ke zama su yanke farashin taki ba, amma kin hana hukuncinsu kwana a tukunyar mutanenki. Allah ya saka miki, ya sa ki cika da imani.

Yanzu idonta ya dushe, da yatsu take zaɓe. Duk garin nan Bara'atu, matar jikanta, ita kaɗai ke binta gona tana koyo. Sauran suna jiran wata motar. In wannan hannu ya kwanta ba a koya ba, irin ya tafi, kuma babu kantin da za a samo shi. Ku tura 'ya'yanku tun tana iya tashi.

Wanda kuma yake ganin surutun tsufa nake yi, ya zo da irinsa na kamfani. Zan ba shi rabin gonata, ni in shuka geron Inna a ɗaya rabin, babu mai zuba taki. In ya fi ni damma da kaka, a tsakiyar kasuwar Bungudu zan tuɓe rawanina in naɗa masa.