Igiyar Yayana a Tafkin Kainuwa

A shekarar da Nijeriya ta rufe iyakarta damina ta yi kyau a wajenmu. Gero ya yi kai, tafkuna suka cika har wasu suka haɗe da juna. Garinmu yana tsakanin Dantchiao da iyaka, kuma tun da aka hana manyan motoci wucewa sai fatauci ya koma kan babura, suna bin hanyoyin gona ɗauke da buhunan shinkafa. Wanda bai taɓa sayar da ko ashana ba ya zama ɗan kasuwa a wannan shekara. Ni kuwa a cikinta na rasa yayana, Allah ya jiƙansa.

Yayana mai nutso ne. Guga ya faɗa rijiya, shi ake kira. Saniya ta nutse, ko ruwa ya ci mutum, shi ake kira har daga ƙauyukan Mallawa. Ni an kai ni makarantar allo, hannuna ya saba da alƙalami da tawada, shi kuma ya bi ruwa. Amma ba shi kaɗai yake aiki ba. Yana da abokin igiya, wani dattijo da ya girme shi, wanda shi ma ya yi nutso a ƙuruciyarsa kafin tari ya kama masa ƙirji. A al'adarsu mai nutso ba ya shiga ruwa sai da igiya ɗaure a ƙirjinsa, ta bi ta ƙarƙashin hammata, kuma wanda ke riƙe da ita a bakin ruwa ba ya yin wani aiki. Ba ya hira, ba ya amsa gaisuwa. Idan ya ji an ja sau ɗaya, lafiya ke nan, sai ya ƙara sako igiya. Idan ya ji an ja da sauri a jere, sai ya jawo mutuminsa ba tare da ya tambayi kowa ba.

Tafkin da ke gabas da gari yana da wani wuri mai zurfi, inda kakanninmu suka yi ta haƙar ƙasar gini. A daminar nan kainuwa ta rufe shi ruf, ta sarƙe da ciyawa da saiwoyi, ta yi kauri har tsuntsaye na yawo a kanta kamar a fili. Daga sama kore shar, gwanin kyau. Daga ƙasa kuwa rufi ne. Wanda ya shiga ƙarƙashinta ba shi da mafita sai ramin da ya shiga ta cikinsa.

Wata ranar kasuwar Magariya, da hantsi, gaɓar tafkin ta zabtare da wani babur mai ɗauke da shinkafa. Direban ya tsira, babur ya tafi ƙasa. Mai babur ɗin wani alhaji ne na garinmu wanda rufe iyaka ya yi wa rana. Ya zo gidan yayana da kansa, abin da bai taɓa yi ba, yana ta kiransa Sarkin Ruwa. Yayana ya ce abokin igiyarsa ya tafi kasuwa, a bari sai ya dawo da la'asar. Alhaji ya ce kafin la'asar labari ya kai kunnen 'yan duwan, wato 'yan kwastan. Ya ce yana da ƙarti majiya ƙarfi, riƙon igiya ai ba karatu ba ne.

Ina gona a lokacin. Abin da ya faru a bakin tafkin daga bakin waɗanda suka gani na ji shi, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Yayana ya sa aka yanke kainuwa da lauje aka buɗe rami. Ya ɗaura igiyarsa, ya ɗauki wata mai kauri wadda za a ɗaure babur da ita, ya nutsa. Ya fito ya ce ya taɓa babur ɗin, amma igiya mai kaurin ta gaza, a aika gari a nemo ƙari. Alhaji ya dubi hanya, ya dubi igiyar da ke ƙirjin yayana, ya ce ga ƙari nan a jikinka.

Yayana ya ce, "Alhaji, wannan ba ta kaya ba ce."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Kai da ka san ruwan nan kamar ɗakin uwarka? Ashe Sarkin Ruwa ma sai an riƙe shi kamar akuyar sayarwa."

Mutane suka yi dariya. Yayana mutum ne mai kunya, ba ya jure a yi masa dariya a gaban yaran da ya haifa. Ya kwance igiyarsa ya ƙulla ta da mai kaurin. Ya ce musu zai ɗaure babur, sannan ya biyo igiyar da hannu har ya fito, kada kowa ya ja sai sun gan shi a waje. Suka ce to.

Ba su jira ba. Da suka ji igiya ta yi nauyi sai wani ya ce ya ɗaure, suka kama ja gaba ɗaya, har da waɗanda suka zo kallo. Babur ya taso yana jan laka, ruwa ya yi baƙi. Igiyar ta share kainuwa ta turo ta kan ramin, ramin ya rufe. Suka yi ta kabbara da babur ya bayyana. Sai da suka jingine shi suka fara kwance buhuna sannan wata mata da ta zo wanki ta tambaya ina mai nutson.

Ko da na iso, alhaji ya sa an tura babur ɗinsa gida. Na tarar da tafki shiru, kore shar kamar ba a taɓa shi ba, mutane tsaye suna cewa kwana ya ƙare. Na san kwana yana ƙarewa, na karanta, na kuma karantar. Amma ban taɓa karanta inda aka ce a kwance wa mutum igiya sannan a ɗora wa ƙaddara ba.

Bayan shekaru ɗana da ke karatu a Damagaram ya nuna mini a salula yadda ake nutso a ƙasashen sanyi, inda ruwa ke daskarewa ya zama ƙanƙara. Suna fasa rami a ƙanƙarar su shiga ƙarƙashi da tulun iska a baya. Duk da kayan nan nasu, na ga kowannensu da igiya a jiki, ga mutum durƙushe a bakin rami yana riƙe da ita, ga wani a zaune cikin shiri ko da za a bukace shi. Na ce wa ɗana ya kashe abin. Ba wani sabon ilmi suka fi mu ba. Mu ma mun sani, a ranar ne aka ga babur ya fi ran mutum.

A bakin tafki abin da ya dame ni shi ne gawar. Masu ruwa suka ce idan ta taso a ƙarƙashin kainuwa saiwoyi za su riƙe ta, ba za a gan ta ba sai rani. Innarmu tana da rai a lokacin, tana zaune a zaure tana jiran a kawo mata ɗanta ta yi masa addu'a. Na rasa bakin da zan gaya mata cewa ba wanka, ba likkafani, ba kabari. Samarin da suka iya iyo duk suka sunkuyar da kai, ban kuma ga laifinsu ba.

Wajen la'asar abokin igiyar ya sauko daga motar kasuwa, aka tare shi da labari. Ya zo bai yi wa kowa sallama ba. Ya ɗauki igiyar yayana daga cikin laka inda aka yar da ita, ya bi ta da yatsu daga farko har ƙarshe, ya wanke ta. Sannan ya tuɓe riga. Dattawa suka ce ya rufa wa kansa asiri, da wannan tari nasa za a yi biyu babu. Ya ce shekarun baya rijiya ta rufta da shi a wani ƙauyen Mallawa, mutane har sun fara salati, yayana ne ya sauka ya tone shi da hannu. Tun daga ranar yayana kan tsokane shi ya ce, tsoho, ina binka fita ɗaya.

Bai yi gaggawa ba. Ya sa aka buɗe rami mai faɗi, aka kwashe kainuwar aka jibge ta a tudu, aka kafa gorori a gefe don kada ta dawo. Ya sa wani saurayi ya ɗaura igiya ta biyu ya zauna a bakin ruwa. Ya kori 'yan kallo baya. Ƙartin alhaji biyu suka matso za su riƙe masa, ya dube su har suka koma. Sai ya ɗaura igiyar yayana a ƙirjinsa, ya miƙo mini bakinta.

Na ce, "Baba, ban taɓa riƙewa ba."

Ya ce, "Na sani, Malam. Amma kai kaɗai ne a nan ba za ka saki ba. Kada ka dubi ruwa, kada ka yi mini addu'a da baki. Ka saurari hannunka."

Ya shiga ya fito ba komai, ya huta, ya yi tari har na ce ba zai koma ba. Ya koma. Igiya tana tafiya cikin tafina a hankali, tana tsayawa, tana ci gaba. Can na ji ja a jere. Na jawo da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, fatar hannuna ta saɓule ban sani ba. Ya fito da ƙyar, hannunsa ɗaya rungume da yayana. A dab da inda ramin farko yake ya same shi, yatsunsa cike da saiwar kainuwa.

Muka yi masa wanka muka sallace shi kafin magariba. Alhaji ya tsaya a sahun gaba. Washegari ya aiko da buhun shinkafa na sadaka, Inna ta ce a mayar masa. Har yau Alhaji yana nan, ya ƙara babura, idan an yi taro shi ake ba tabarma mai kyau, ni kuma ina amsa sallamarsa don addini ya ce a amsa.

Ranar addu'ar uku dattijon ya shigo wurin Inna, ya durƙusa daga bakin ƙofa, muryarsa ta dushe saboda ruwan da ya sha. Ya ce shi an fid da shi da rai, shi kuwa gawa ya fitar, bai sani ba ko hakan ya biya.

Inna ta ce, "Ka kawo mini shi na gan shi, na san inda yake kwance. Tashi, ɗana ba ya binka komai."