Amfilifayar Tsohon Tungan Maje

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyaran rediyo da kayan sauti a Kurudu, a wani shago da ke tsakanin mai faci da mai sayar da siminti. An sha kawo mini kayan da wasu suka lalata, na gyara ban ce komai ba. Sau ɗaya ne na rufe shago da rana tsaka na tafi neman rigima.

Wata Asabar ce wata mata ta tsayar da mota a ƙofar shagon, ta fito da mahaifinta. Ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, shi kuma tsohon makaɗin jita ne da ke zaune a Tungan Maje. Ni da ita muka sauko da amfilifayarsa, akwatin da ke ƙara wa jita sauti, daga but ɗin motar, don nauyi gare ta. Irin ta da ce, mai kwalabe a ciki, waɗanda muke kira bawul, masu yin ja idan sun yi zafi. Ta girme ni.

Tsohon ya dafa ta ya ce, "Malam, muryarta ta bushe."

Na jona waya na taɓa bakinta da yatsa. Sauti na fita. Na murɗa maɓallin ribab, wato amon nan da ke bin bayan kiɗa kamar ana yi a cikin babban zaure, ban ji komai ba. Na murɗa na tiramalo, mai sa sauti ya riƙa rawa yana tashi yana sauka, shi ma shiru.

'Yar ta ja ni gefe ta rage murya. Ta ce bara ta kai amfilifayar wani shago a Lugbe saboda tana gurnani, aka gyara, mai shagon ya tabbatar mata komai lafiya. Tun daga nan Baba yake cewa an canja masa kaya. Ta koma ta tambaya, mutumin ya ce mata kunnen tsohon ne ya fara tafiya. Ta yarda. Har asibitin kunne ta kai shi sau biyu. Shi kuma da ya ga kowa a gidan yana kallonsa da tausayi, sai ya rataye jitar, bai sake taɓa ta ba.

"Ka dai duba masa don hankalinsa ya kwanta," in ji ta.

Da suka tafi na kwance bayan. A gindin akwatin akwai wata jaka baƙa inda tankin ribab yake kwanciya. Tankin wani ɗan dogon gwangwani ne mai sifirin biyu a ciki, sauti yana bi ta cikinsu yana karkarwa, shi ne yake ba da amon. Na zura hannu na jawo abin da ke ciki. Guntun katako ne, an yanke shi daidai tsawon tankin, an naɗe shi da tsumma don kada ya yi motsi. Bawul biyu kuma, na ribab da na tiramalo, an cire na asali an cusa matattu.

Na daɗe a zaune da katakon nan a hannu. Wanda bai iya aiki ba yana ƙona abu, yana haɗa waya a inda ba nan ba, wannan na saba gani. Amma mutum ya ɗauki zarto ya auna katako, ya san abin da yake yi. Da na duba inda aka lika wayoyi da dalma sai na gane hannun. Maigidanmu da ya koya mana aiki a Kaduna yana sa mu lanƙwasa bakin waya sau biyu kafin mu ɗiga dalma, kuma mu biyu kaɗai na sani a garin nan masu yin haka. Shekara huɗu muna cin abinci a kwano ɗaya da ɗayan, wato mai shagon Lugbe.

Na rufe shago na kama hanyar Lugbe. Mota uku na shiga, ga cunkoso a Nyanya, kuma duk tsawon hanyar katakon yana kan cinyata.

Na same shi yana cin shinkafa a bayan kanta. Shagonsa ya fi nawa sau uku, har da gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Ya miƙe da fara'a zai rungume ni, na ajiye katakon kusa da farantinsa.

"Ina tankin tsohon Tungan Maje?"

Ya ce bai gane ba, kaya da yawa suna ratsa hannunsa. Na ce ya kalle ni da kyau, ni ba 'yar tsohon ba ce. Sai ya koma ya zauna, ya goge hannu, ya ce wani oga ne a Maitama mai tara irin waɗannan kayan ya matsa masa yana neman bawul na asali. Ya ce, "Kai ma ka san tsohon nan ba wani wasa zai sake yi ba. A ɗaki yake kaɗawa shi kaɗai. Wa zai ji bambanci?"

"Shi ya ji," na ce. "Ya ji, ya faɗa, kai kuma ka ce wa 'yarsa ya kurmance."

Ban san muryata ta tashi haka ba sai da na ga masu shagunan kusa sun leƙo. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har na ambaci maigidanmu da ke kabari. Bai ba ni haƙuri ba. Abin da ya dame shi kawai kada maƙwabta su ji. Ya shiga ciki ya fito da tankin, ya yi ƙura, ashe ogan bai ma karɓe shi ba. Bawul ɗin kuwa sun tafi.

Kwana biyar aikin ya ci. Wajen fizge tankin, mutumin Lugbe ya tsinka wata 'yar waya a ciki, siririya kamar gashi, sai da na ɗaura tabarau biyu kafin na kamo bakinta. Sau uku tana kuɓuce mini. Na sa sababbin bawul daga cikin ajiyata. Ribab ya dawo, na ɗan bugi akwatin da tafin hannu na ji sifirin sun yi tsawa. Tiramalo ya fi ba ni wahala. Akwai wasu ƙananan kayan wuta uku da muke kira kondansa, da suke sa shi bugawa, duk sun gaji, na canja su. Akwai kuma wani ɗan ƙwan fitila da ke ƙyaftawa a cikin baƙar roba, shi ma ya mutu. Ina cikin gwada sabon aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai washegari da azahar.

Ranar da suka zo ɗauka, tsohon ya taho da jitarsa. Ya zauna a kan bencina, ya jira kwalaben suka yi zafi, ya ja tsirkiya ɗaya ya saki. Amon ya bi ta har ƙofar shago. Mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa. Tsohon ya kunna tiramalo, ya saurara, ya ce, "Ya ɗan yi sauri ko an rage shi, Malam. Da ya fi haka nutsuwa." Na auna, gaskiyarsa ce. Na canja kondansa ɗaya a gabansa.

Na nuna wa 'yar katakon na gaya mata komai. Ta ce sai ta kai ƙara wurin 'yan sanda, tsohon ya ce ba da sunansa ba, shi ya gaji da zama a kan benci ana yi masa tambayoyi. Ta durƙusa a gabansa cikin ƙurar shagon ta ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce ta tashi kada ta ɓata kayanta, ya ci gaba da kiɗansa.

Sababbin bawul ɗin ba su kai na asali daɗi ba, na faɗa masa, ya ce ya sani. Bayan wata biyu mutumin Lugbe ya aiko mini da saƙo ta bakin wani mai sayar da kayan gyara, wai mu zauna mu fahimci juna. Na ce a gaya masa Tungan Maje ba ta da nisa da Zuba, kowa ya san gidan mai jita. Har yau bai je ba.