Gidan da Yake da Famfo

Wata Asabar ce a tsakiyar rani, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ina da shekara goma sha ɗaya. Mu huɗu ne a gindin darbejiyar gidan hayarmu a Sabonjida: Baba, Mma, ni, da Kaka Imoru, mahaifin Baba, wanda ya makance tun kafin a haife ni. Mai gidan ya ba mu wata uku mu tashi. Baba tela ne, kuma a duk Tamale gida biyu kaɗai ƙarfinsa ya kai ya saya.

Na farko yana nan cikin unguwa, lungu biyu daga masallaci, ɗaki biyu na ƙasa, tsakar gidan ba ta wuce shimfiɗar tabarma uku ba, kuma babu ruwa. Na biyu yana can bayan Dabokpa inda gari ya fara ƙarewa, ɗaki huɗu na bulo, da fili, da famfo. Ni ce babba a ɗakinmu, ɗibar ruwa a kaina take. Kullum sai na yi sawu uku kafin makaranta, in bi layi da garwa, in isa aji a makare in sha bulala. Gashin tsakar kaina har ya fara zubewa inda gammo ke zama. Shi kuwa Kaka da sanda da hanci ya san Sabonjida. Yana bin bangon mai koko, ya tsallake kwata da taki ɗaya, ya ji ƙaurin gashin mahauta ya san ya kusa masallaci. Sau biyar a rana yake wannan tafiya, ba wanda ya taɓa riƙe masa sanda.

Baba ya ce, "Duk wanda na ɗauka, akwai wanda na cuta."

Kaka ya ce, "Ni ko'ina duhu ne, ku bar ni. Ku tambayi amaryata, ita ke shayar da mu." Ya juyo wajen da nake. "Amarya, ina za ki kai tsohon mijinki?"

Na san abin da yake so, na kuma san ciwon wuyana. Na ce, "Mai famfo."

Ya yi dariya ya ce magana ta ƙare. Mma ba ta ɗago daga ganyen ayoyon miya da take tsinka ba.

A sabuwar unguwa babu bangon da za a bi. Filaye ne da ramukan harsashin gini, da tarin yashi da yau yana nan gobe an kwashe. A makon farko Kaka ya faɗa rami, wani magini ya dawo da shi gwiwa na jini. Daga nan sai ranar Juma'a Baba ke goya shi a babur zuwa masallaci. Famfon kwana biyu yake zuwa a mako, amma ya ishe mu. Gashina ya fito, na daina makara.

Yanzu ni da maigidana muna neman gida, dillali yakan tambaye ni me zan iya haƙura da shi. Ni kuwa na riga na ga cewa mai zaɓa daban, mai haƙurin daban. Kaka ya yi shekara huɗu a gidan nan, bai sake fita shi kaɗai ba.