Bencin Ƙofar Shagon Kawu

Gajere a shagon kawunsa ya tashi, yana goge injinan wasan gem. Ranar da ya ce su saro sabon injin da ake jonawa a talabijin, a kuma zare a fita da shi a hannu, kawun ya tara maƙwabta aka yi masa dariya.

"Abu ba na ɗaki ba, ba na aljihu ba, wa zai saya?"

Gajere bai yafe ba. Yau ya buɗe shagonsa da ke kallon na kawun, masu sayen injin nan har bakin titi. Kullum da yamma yakan zare injinsa, ya tsallaka, ya zauna a bencin kawun da ba kowa, ya ƙure sauti.

"Kawu, na zo taya ka zama."